Saura Maɓalli

Akwai wani shagon ɗinki a bakin titi, tsakanin mai sayar da magani da mai gyaran waya. In kun wuce da rana, abu uku za ku ji a tare: kukan kekunan ɗinki, rediyo, da muryar mai shagon a saman su duka. Kowa Gwaggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta, amma mutum ɗaya ce a shagon take da haƙƙin kiranta haka, wato 'yar ƙanenta marigayi, wadda take zama can ƙurya kusa da dutsen guga tana kalmasa da sa maɓallai.

Yarinyar nan (na ce yarinya, ai ta daɗe da wuce ashirin) tana da in'ina. In za ta ce "ba ni zare", sai kalmar ta maƙale mata kamar ƙayar kifi, ta yi ta bugawa, jijiyar wuya ta tashi, ido ya kawo ruwa. Gwaggo ce ta laƙaba mata Janareta. Da ta fara, sai Gwaggo ta ajiye almakashi, ta ɗora ƙafa ɗaya a kan kujera, ta riƙa jan igiya a iska.

"Tut-tut-tut! Ku kawo mai, jama'a, yau ma ya ƙi tashi."

Masu kawo ɗinki su yi dariya. Sunan ya bi ta, har yaran layi ba su san tana da wani ba.

To da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Gwaggo tana da wata ƙarya guda da take ci da ita. Ta hanci take magana, kuma kafin ta yi ƙarya sai ta yi ɗan tari sau biyu, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Mace za ta zo karɓar rigarta, alhali yadin yana ƙarƙashin tebur a ninke, ko alli bai taɓa shi ba, sai ku ji:

"Ehem, ehem. Tsakani da Allah, ranki ya daɗe, an gama. Saura maɓalli."

Kuma aikin wa ne maɓalli? Sai ta nuna ƙurya da baki. "Ga ta can. Hannunta ma in'ina yake yi." Mai riga ta juya ta wanke Janareta da zagi tas, ita kuwa kafin ta haɗa "ba ni ba ce", matar ta kai bakin titi.

Abin da Gwaggo ba ta sani ba shi ne, in'inar nan muryar Janareta kaɗai ta sani. Da ta ari muryar wani, sai hanya ta buɗe, magana ta yi ta zuba kamar an kwance famfo. Tun tana ƙarama haka take. Kullum da yamma rediyo yana sa wasan kwaikwayo, shago ya yi tsit, har kekuna a sassauta musu. Ita kuwa tana can tana haɗiye kowace murya. In ta koma ɗakinsu na bayan shago, sai ta maimaita wa Innarta wasan kaf, tsoho da yaro da masifaffiyar matar unguwa, har da kukan ƙofa. Inna ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta tashi ta leƙa waje, don ɗakin na Gwaggo ne, ita ta ba su tun rasuwar maigidan.

Ana nan sai rediyo ya yi sanarwa ana neman sababbin muryoyi. Janareta ta ji, allura ta soke ta ba ta ma sani ba.

Ranar da ba a buɗe shago ta tafi. Sau biyu tana isa bakin ƙofar gidan rediyon tana wucewa kamar mai neman wani gida. A na uku ta bi bayan wasu 'yan mata ta shige. Mai shirya wasan, wanda kowa ke ce wa Darakta, gajere ne mai tumbi, tabarau a goshi, murfin biro a baki. Ya miƙa mata takarda, ya nuna mata makirfo. Ta rufe ido, ta ɗauko muryar wata tsohuwa mai faɗa da kaza, ta saki. Ta gama, ta ɗauko ta yaro mai ƙaryar ciwon ciki. Murfin biron ya faɗo daga bakin Darakta.

"Ke kuwa a ina kika ɓuya duk shekarun nan?"

Ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Ya zaci kunya ce. Ta nuna masa lambarta a fuskar waya, ya ce zai kira. Ba ta furta kalma ɗaya da muryarta ba har ta fito.

Yanzu ku ji inda gizo ya yi saƙa. Dokar shagon ce, da safe kowace ma'aikaciya ta jefa wayarta a wani gwangwanin biskit da ke kan teburin Gwaggo, sai an tashi a ba ta. Ranar da kiran ya zo, an aiki Janareta kasuwa sayen zif. Ta dawo ta tarar da shago ana ta share hawayen dariya. Da suka gan ta, wasu suka kawar da kai.

Mai Yanka, wato mai yanka musu yadi, ita ce ta ja ta gefe. Dattijuwa ce da ta fi kowa daɗewa a shagon, kuma ita kaɗai ba ta taɓa dariyar igiyar nan ba.

"'Yar nan, an kira ki daga rediyo. Sun ce sun ɗauke ki."

Janareta ta kama gefen tebur.

"Tsaya, ban gama ba. Gwaggo ce ta ɗauki wayar."

Gwaggo ba ta bari wata ta ba da labarinta ba. Ta taso da kanta, ta kara tafin hannu a kunne kamar waya, ta karkace baki.

"Na ce masa, 'E-e-eh, n-n-ni ce. B-b-ban i-iya ba. K-ku n-n-nemi w-wata.' Bawan Allah ya ce 'to, Allah ya sawwaƙe', ya kashe." Ta tafa hannu. "Ai taimakonki na yi. Ki je ki tsaya gaban duniya kina tut-tut, a ce 'yar gidan wa? Mu da muke da mutunci a garin nan? Zauna, ga maɓallai can suna jiranki."

Janareta ba ta yi kuka ba. Ta zauna, ta zura zare a allura. Mai Yanka ta ce daga baya, da ta ga idon yarinyar nan ranar, sai da ta matsar da almakashi daga kusa da ita.

Da yamma Inna ta yi ta lallashi. "Ki yi haƙuri, uwata. Yayar ubanki ce. Rufin nan da ke kanmu nata ne. In ta ce mu fita, ina muka nufa? Mai haƙuri shi kan dafa dutse."

Janareta tana ninke kaya, ta ba ta baya. Sai ɗakin ya cika da wata murya ta hanci.

"Ehem, ehem. Tsakani da Allah, matar ƙanena, ni ai taimakonku nake yi."

Inna ta zabura ta gyara ɗankwali, ta dubi ƙofa. Babu kowa. Ta dubi 'yarta. Dariya ta ƙwace mata, ta toshe baki da hannu biyu, sannan tsoro ya biyo baya.

"Ke! Kada ki kuskura. Na san wannan kallon, na ubanki ne."

"T-ta ari m-muryata, Inna, b-ba ta tambaye ni ba." Ta ajiye rigar da ke hannunta. "N-ni ma zan ari t-tata."

Ba ta yi gaggawa ba. Ta ci gaba da zuwa aiki, kai a ƙasa, kunne a buɗe. Da can tana jin Gwaggo ne kamar yadda ake jin ƙarar titi, yanzu kuwa kwasa take yi. Yadda take jan "ranki ya daɗeee" in mai kaya ta zo da mota, da yadda take guntule shi in da ƙafa ta zo. Yadda take tsotsar haƙori kafin ta ɗora wa wata laifi. Yadda take cewa "yadin ne bai da kirki" in ta ɓata wuya. Duk ta tattara ta adana. Ta kuma je wajen Kawu, wan Innarta, mai gyaran babur a wancan gefen gari, ta tambaye shi ko ɗakin da yake ajiye tsofaffin tayoyi zai zaunu. Ya dube ta ya ce, "Faɗa za ki tayar ke nan." Ta gyaɗa kai. Ya ce, "To bari in kwashe tayoyin."

Komawa gidan rediyo ya fi zuwan farko wuya, don wannan karon babu ayarin da za ta ɓuya a ciki. Maigadi ya tare ta.

"Wajen wa?"

"D-d-d..."

Ƙafarta ta riga ta juya za ta gudu. Tsohon ya jingina sandarsa da bango.

"Yi a hankali, 'yata. Ni nan nake wuni, ba inda za ni."

"D-darakta."

"Ai ka ji. Shiga, ƙofa ta biyu."

Darakta bai yi murnar ganinta ba. "Ke ce? Ai kin ce ba kya so. Na riga na ba wata. Kuma ki gafarce ni, da na ji ki a waya na gane dalili. Aikin nan na baki ne."

"B-b-ba n-n..."

Ya dubi agogo. Ta ga dubawar nan, ta san in ta tsaya neman kalma da bakinta, sai dai ta same ta a waje. Sai ta jawo kujera, ta ɗora ƙafa ɗaya, ta buɗe gwangwanin biskit da babu shi, ta kara hannu a kunne.

"Ku yi shiru, ku yi shiru, rediyo ne! Ehem, ehem. 'E-e-eh, n-n-ni ce. B-b-ban i-iya ba.'" Ta rufe wayar da tafi, ta ƙyafta wa masu kallo ido, ta saki wata dariya ta hanci. Ba ta tsaya ba, ta juya ga wata mai kaya da ta shigo. "A'a, ranki ya daɗeee! Yanzu nake zancenki. Tsakani da Allah an gama, saura maɓalli. Ga ta can, ita ta riƙe miki."

Darakta ya sauko da tabaraunsa daga goshi ya dube ta da kyau.

"Wato ba ke na yi wa magana ba."

Ta girgiza kai.

"Wannan matar, akwai ta da gaske?"

"T-tela ce k-kawai."

Sai ya fashe da dariya har tumbi na rawa. "Telan matata 'gobe' yake cewa, amma wannan ta fi shi sanin aiki. Sake yi min 'saura maɓalli' ɗin nan." Ta sake. Ya kira marubucin wasan, ta kuma sakewa. Kafin ta bar ɗakin an buɗe wa wasan sabon shago da sabuwar tela.

"A ƙarshen shiri muna faɗin sunayen 'yan wasa," in ji Darakta. "Wanne za a faɗa? In kina tsoro, sai mu ƙirƙira miki wani."

"J-janareta."

"Kin tabbata?"

"S-so nake t-ta ji."

Ranar da za a sa shirin, shago cike yake. Janareta tana ƙuryarta, ta sa maɓalli ɗaya ta cire ya fi a ƙirga. Gwaggo da kanta ta ƙara muryar rediyo, don ba ta yarda wasan ya wuce ta.

Sabuwar telar ta shigo da tari biyu. Shago ya ɗauki dariya. Gwaggo ta fi kowa, har tana buga tebur.

"Kai, wannan maƙaryaciya! Ku ji muryarta kamar an toshe wa agwagwa hanci. Irin su ne suke ɓata mana sana'a."

Ku san mutum bai san muryarsa ba, kamar yadda bai san ƙeyarsa ba. Amma ma'aikatan sun sani. Ɗaya bayan ɗaya kekuna suka tsaya. Mai Yanka ta cusa ƙyalle a baki, kafaɗunta na rawa.

Ana cikin haka sai ga Nas ta shigo, wata ma'aikaciyar asibitin bayan layi, mace mai baki kamar reza, wadda ta sha zagin Janareta a kan rigar da za ta sa bikin ƙanwarta.

"Gwaggo, yau dai ba zan fita hannu rabbana ba. Ina rigata?"

Bakin da ya saba, ba ya shawara da mai shi.

"Ehem, ehem. Tsakani da Allah, ranki ya daɗe, an gama..."

Daga cikin rediyo, da hanci ɗaya da ja ɗaya, aka ƙarasa mata: "...saura maɓalli!"

Nas ta dubi rediyo, ta dubi Gwaggo, ta sake duban rediyo. A cikin wasan, mai kaya tana cewa, "To nuna min rigar in ga inda za a sa maɓallin." Nas ta riƙe ƙugu.

"Ai kuwa ta ba ni shawara. Nuna min."

"Ranki ya daɗe, tana wajen guga..."

"Ga dutsen guga can, ba komai a kai. Nuna min."

Mai Yanka, wadda ta yi shekaru tana haɗiye abin nan, ta sa ƙafa a hankali ta turo wata leda daga ƙarƙashin tebur. Nas ta ɗaga. Yadinta ne, a ninke yadda ta kawo shi, har da takardar shagon da ta saya.

"A jikin wannan za a sa maɓallin?"

Abin da ya biyo baya, sai wanda ya gani. Duk macen da ke da kaya a shagon ta ce sai an nuna mata nata. Ledoji suka yi ta fitowa. Mai gyaran waya da mai magani suka leƙo. Gwaggo tana tsakiya tana buɗe baki tana rufewa, kuma ku ji ikon Allah, abin da ya fito shi ne, "A-a-ai, n-n-ni..."

Babu wanda ya ja mata igiya. Janareta ta so ta yi, har ƙafarta ta motsa, sai ta ga ba sai ta yi ba. Kiɗan rufe shiri ya tashi, mai sanarwa ya jero 'yan wasa, ya ƙare da cewa, "Sai sabuwar muryarmu, wadda ta fito a tela, Janareta."

Duk kai ya juya ƙurya.

Gwaggo ta tako a hankali. Fuskarta ta yi fari kamar an shafa alli.

"Ke? Ke da ba ki iya faɗin sunanki ba? Ni na rufa muku asiri, ke da uwarki. Ni na koya miki riƙe allura. Da abin da za ki saka min ke nan, a gaban duniya?"

Janareta ta miƙe. Da ta ga dama, da muryar Gwaggon za ta amsa, ta yi mata kaca-kaca ba tare da tuntuɓe ko ɗaya ba. Ta ƙi. Da tata ta yi, tana bugawa tana tsayawa, jijiyar wuya a tashe, kuma shagon nan kaf aka tsaya ana jiranta.

"Ɗ-ɗakin n-naki ne, Gwaggo. G-ga makullinki." Ta ajiye shi a kan tebur. "M-muryar t-tawa ce."

"Fita! Kada in ƙara ganin ƙafarki a nan."

Ta buɗe gwangwanin biskit ta ɗauki wayarta. A bakin ƙofa ta juyo.

"K-ke kika yi ta j-jan igiyar. G-ga shi ya t-tashi."

Nas ce ta fara tafi. Ta biyo ta har titi tana cewa, "'Yar'uwa, ki yafe min zagin da na yi miki, wallahi da na sani da ita na wanke."

Injin janareta dai kun san halinsa, in ya tashi, maƙwabta ma sai sun ji. Kafin wata ya zagayo, maganar ta cika gari. Makanike ya ce wa mai mota saura maɓalli, ɗalibin da bai yi aikin gida ba ya ce wa malami saura maɓalli. Yaran layi in sun wuce shagon sai su yi tari biyu su ruga. Gwaggo ba ta rufe shago ba, amma yanzu duk mai kawo ɗinki sai ta ce a yanka a gabanta, kuma an ce ko mura ta kama Gwaggo, danne tarin take yi har ido ya yi ja.

Janareta da Innarta kuwa suna ɗakin Kawu, wanda har yau warin taya bai gama fita ba, ga yoyo a kusurwa ɗaya in an yi ruwa. Inna takan yi kewar tsohon ɗakinta, ba ta ɓoyewa. In'ina ma tana nan, ba inda ta je. Kullum Janareta sai ta yi kokawa da gaisuwar maigadi kafin ta shiga ta zama mutum biyar a gaban makirfo. Darakta ya ba ta tsohuwa mai kaza, ya ba ta yaro mai ciwon ciki, amma masu sauraro tela suke nema, ita ma ba ta gaji da ba su ba.

Wata yamma suna zaune a ƙofar ɗaki, shirin ya ƙare, Inna ta kashe rediyo. Ranar telar ta ɗinka wa wata riga mai hannu uku ta ce yadin ne bai da kirki. Inna ta gama dariyarta, ta goge ido, sannan ta yi ajiyar zuciya.

"Uwata, ramuwar gayya ta fi gayya zafi, na yarda. Amma jininku ɗaya. Jiya na hango ta a kasuwa, ta rame. Ai ya isa haka. Kin gama, ko?"

Janareta tana duba takardar wasan mako mai zuwa. Ba ta ɗago ba. Ta yi ɗan tari sau biyu.

"Tsakani da Allah, Inna, an gama. Saura maɓalli."